Kazar da Ta Yi Ritaya

Shekara shida Malama ta yi tana yi wa surukinta ƙarya da kaza, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin ta aikata abin kunya ba. A wurinta wannan dabarar zaman gida ce, irin wadda kowace mace mai aiki take da tata.

Malama tana koyar da kiwon dabbobi a kwalejin aikin gona da ke bakin gari. Mijinta mai gyaran firiji ne, amma tun da ya taɓa tayar da na wani babban otal, unguwa ta laƙaba masa Injiniya, shi kuma bai musa ba. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba, tela ne da raunin ido ya sa ya ajiye aiki. Bayan rasuwar matarsa ya dawo wurinsu da zama, aka ba shi ɗakin da ke jikin kicin, inda duk ƙamshin da ya tashi daga tukunya shi yake fara gaisarwa.

Baba ba shi da fitina. Abin da aka zuba masa shi zai ci, ya sa albarka. Abu ɗaya ne ba a yi masa wasa da shi: kaza. Yakan ce rayuwarsa duka a kan keke ta ƙare, na farko mai taya biyu, na biyu mai allura, domin kafin ya koyi ɗinki ya yi shekara goma sha biyu yana fataucin kaji daga ƙauye zuwa gari. Malama ta sha jin labarin har ta haddace, ta kuma ajiye shi inda ake ajiye labaran tsofaffi.

Duk Asabar abokin Baba, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ake kira Mai Wasiƙa, yakan zo cin abincin rana. Kafin a buɗe kwano sai Baba ya yi huɗubarsa.

"Kazar gona ai ba kaza ba ce, auduga ce aka yi wa fuka-fuki. Sati shida fa. Abin da bai san rana ba, bai san shaho ba, bai taɓa yin tono ya ci guminsa ba, ina zai samo ɗanɗano? Ni ko kyauta aka ba ni ba na sa ta a bakina."

Mai Wasiƙa ya gyaɗa kai ya ce, "Faɗa musu dai. 'Yan zamani ba su san nama ba."

Matsalar ita ce kazar gida ta gaskiya, wadda ta tashi a sake tana bin fara da gara, ba a samun ta sai a wata kasuwa can ɗaya gefen garin, mota biyu ake shiga. Kasuwar kuma ranar Asabar take ci, ranar da Malama ke wanki, ta duba takardun ɗalibai, ta wanke kan 'yarta. Shekarar farko ta daure tana zuwa. Sai wata Juma'a, tana fitowa daga aji, ta ga layi a ƙofar baya ta gonar kwaleji. Ashe kajin ƙwai ne da suka tsufa suka rage aiki ake sayarwa ma'aikata, a yanke, a fige, a leda. Ta ɗaga ɗaya ta latsa cinyar, ta ji tauri kamar tayar keke. Nan take dabara ta faɗo mata.

Washegari ta ɗora tukunya tun hantsi. Awa uku tsohuwar nan ta yi a wuta kafin ta yarda cokali ya shige ta. Da aka kai abinci Malama ta laɓe a bakin ƙofar kicin tana leƙe. Baba ya ɗauki cinya, ya ja da haƙori, cinya ta ja shi, ya sake ja. Ya daɗe yana tauna, idonsa a rufe. Sannan ya ce, "Madalla. Wannan ta sha wahalar duniya."

"Daga ji ka san ta yi yawo," in ji Mai Wasiƙa.

Tun daga ranar Malama ba ta sake taka waccan kasuwar ba. Duk Asabar Baba yana da sabon yabo. Yau ya ce wannan ta ga shekaru, wani satin ya ce wannan ba ta ci na banza ba, ta yi aiki a rayuwarta. Injiniya, wanda ya san sirrin, sai ya sunkuyar da kai cikin kwano yana tari. In sun shiga ɗaki ya riƙe ciki yana dariya.

"Kin ji masanin kaji ko? Kazar da ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba."

"Rufa mini asiri, ka yi a hankali," in ji ta. "A bar kaza cikin gashinta."

Haka aka tafi har shekarar da ƙarin girma ya zo wa Malama, aka ce sai ta gabatar da bincike. Ta zaɓi abin da ta fi sani: yadda iri da shekaru da yanayin kiwo suke canza naman kaza. Ta tanadi kashi huɗu. Akwai kazar gona 'yar sati shida, akwai zakaran gida da ya tashi a sake, akwai irin na gidan amma wanda aka tsare a keji ana ba shi abincin buhu, sai kuma tsohuwar kazar ƙwai. Injin da ke ɗakin gwaji zai auna tauri da kitse da ruwan da ke cikin naman, amma ɗanɗano sai harshe. Ana bukatar mutum goma.

Ba ta sha wahalar nema ba. Tana liƙa sanarwa, kafin azahar mutum tara sun rubuta suna, har da malamin lissafi da bai taɓa amsa gaisuwarta da kyau ba. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Sai dai shugaban sashe, wanda suke kira Farfesa, ya duba jerin ya ce duk matasa ne, lallai a samo ko mutum ɗaya da ya haura sittin.

Kuskurenta shi ne ta faɗi haka a gida ana karin kumallo.

"Ga Baba nan," in ji Injiniya, yana kurɓar shayi, idonsa na rawa don mugunta. "Wa ya kai shi sanin kaza a garin nan?"

Malama ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Baba ya ajiye kofi ya ce, "In dai zan yi amfani, 'yata, ki sa ni."

Kwana uku tana juya abin a ranta. Ba tonuwar asirinta take tsoro ba, don ta tabbata Baba ba zai gane komai ba. Tausayinsa take ji. Tana hango dattijo a gaban abokan aikinta yana nuna tsohuwar kazar keji yana cewa ga 'yar ƙauye, matasa suna ƙunshe dariya. Har ta shirya kalaman da za ta lallashe shi da su a hanyar dawowa, cewa ai gishiri kawai aka sa, kowa ma zai iya ruɗewa.

Ranar gwaji Baba ya saka rigar da ya ɗinka wa kansa a shekarar da ya bar aiki, ya shafa turare. An raba doguwar kanta da allunan katako, kowa da gurbinsa don kada ya leƙi na kusa. A gaban kowa faranti huɗu masu lamba, kowanne da yanka uku na cinya daidai wa daida, an dafa da ruwa da gishiri kawai, ga kofin ruwa na kurkure baki, ga takardar ba da maki. Da yake Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, Malama kuwa ta san abin da ke kowane faranti, Farfesa da kansa ya ja kujera ya ce shi zai rubuta masa.

Sauran taran ba su ɓata lokaci ba. Cikin minti biyar faranti sun yi fes, an zuba maki kamar ana rabon kyauta, malamin lissafi yana tambaya ko akwai zagaye na biyu. Baba kuwa bai ko fara ba. Ya ɗauki yanka daga faranti na ɗaya ya shinshina, ya latsa da ɗan yatsa, sannan ya kai baki.

"Jaririya ce," ya ce. "Ba ta kai kwana arba'in da biyar ba. Nama ya riga ƙashi girma, da ƙyar in tana iya ɗaukar jikinta. Ruwa ya fi ɗanɗano yawa."

Farfesa ya rubuta yana murmushi. Wannan kowa zai iya cinka.

Baba ya kurkure baki ya koma na biyu. Ya daɗe a kansa. "Namiji ne wannan. Wata bakwai, in ya yi yawa takwas. Ya ci ƙwari, ya ci ciyawa, ga garɗin nan. Amma kun ɓata shi. An sha gudu da shi kafin a kama shi, naman ya ɗaure. Ba a yanka kaza tana haki."

Farfesa ya ɗago ya dubi Malama. Ita ta san ma'aikata biyu sun zagaya filin ƙwallo da zakaran nan sau uku kafin ya shiga hannu.

Na uku bai ɗauke shi lokaci ba. "Ɗan gidan mutunci da gata ya lalata. Irin na gida ne, ba shakka, amma an tsare shi wuri ɗaya ana ɗura masa abincin buhu. Kitse ya shigo, ɗanɗano ya fita ta taga."

Zuwa yanzu sauran sun bar gurabensu sun zagaye shi. Baba ya jawo faranti na huɗu. Ko baki bai kai ba, shinshinawa kawai ya yi, fuskarsa ta washe kamar ya haɗu da tsohon maƙwabci a tasha.

"A'a, wannan ai 'yar gida ce."

Malama ta runtse ido. Ga abin da take gudu ya zo.

"Wato kazar gida kuke nufi, Baba?" in ji Farfesa a hankali.

"A'a, 'yar gidanmu dai. Duk Asabar muna tare. Kazar ƙwai ce da ta yi ritaya. Ta kusa shekara biyu tana tsaye a kan wayar keji, ba ta san yadda ƙasa take ba, duk abin da ta ci ya tafi cikin ƙwai. Sai dai ku nan ba ku iya da ita ba. 'Yata awa uku take ba ta a wuta."

Aka yi dariya, wasu har da tafi, don ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin maganar. Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kama gyaran faranti waɗanda ba sa bukatar gyara.

Saura tambaya ɗaya a ƙasan takarda: wanne za ka so ka sake ci? Baba ya jira mutane suka ɗan watse, ya waiga dama da hagu, sannan ya miƙa yatsa ya taɓa bakin faranti na ɗaya.

"Rubuta," ya ce da Farfesa ƙasa-ƙasa, "amma kada ka sa sunana."

Malama tana bayansu, ta ji.

Da aka tashi, ita da Baba suka fita ƙofar kwaleji suka zauna a bencin jiran mota. Kalaman lallashin da ta shirya suna nan a bakinta, ba wanda za ta ba. Ta daɗe tana murza bakin jakarta kafin ta ce, "Baba, tun yaushe kuka sani?"

"Tun cinyar farko."

"Shekara shida ke nan."

"Da wata huɗu."

"Me ya sa ba ku yi magana ba?"

"Ke me ya sa ba ki yi ba?" Ya gyara zaman hularsa. "Shekarar farko ina kallonki, kina dawowa daga kasuwar nan ƙafa a kumbure, ga wanki yana jiranki. Ran nan sai na ga ba ki fita ba, ga kuma kaza a tukunya. Na ce yarinya ta samo wa kanta mafita, ni ne zan toshe? Kuma ki tuna da kyau, na taɓa cewa ta gida ce? Cewa nake ta sha wahala. Ai ta sha."

Malama ta bi yabon shekara shida ɗaya bayan ɗaya a ranta, ta nemi inda dattijon ya yi ƙarya, ba ta samu ba. Ƙaryar duk tata ce.

"To faranti na ɗaya fa, Baba? Audugar?"

Baba ya dubi titi. Wata mota ta zo cike ta wuce.

"Turame uku suka rage mini a baki," ya ce, "biyu daga ciki kuma ba sa ga maciji da juna. Duk Asabar in na gama da tsohuwar nan sai muƙamuƙina ya yi kwana biyu yana ƙara. Ran nan da aka yi baƙi kika soya ta gona, na saci fiffike ɗaya a kicin. Ba ta da ɗanɗano, har gobe ina nan a kan bakana. Amma ba ta faɗa da mutum."

"Da kun faɗa ai da tuni na huta. Minti arba'in take nuna."

"In faɗa wa wa? Shekara arba'in ina zaginta a gaban Mai Wasiƙa. Yanzu in ya shigo ya same ni da ita a hannu, da wane ido zan dube shi? Mutumin nan aikinsa kai labari gida-gida, ritaya ba ta hana shi ba."

Ta so ta yi fushi. Ta tuna Asabar nawa ta yi tana tsaye a kan tukunya, zafi na dukan fuskarta, tana dafa abin da ita ba ta so, ashe mai cin ma da ƙyar yake haɗiyewa. Maimakon fushin sai dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi, don ba ta taɓa yin dariya haka a gaban surukinta ba. Baba ya kau da kai, kafaɗunsa na motsi.

Da ta ba Injiniya labari da yamma, sai ya ce, "Ni dama na daɗe ina zargin ya sani."

Ta ɗauka daga nan wahalarta ta ƙare. Ina. Baba ne ya tsara yadda za a yi: ranar Asabar tsohuwar ma'aikaciya za ta ci gaba da zuwa tebur saboda Mai Wasiƙa, shi zai sha romo ya ɗauki hanta, ya tura wa abokinsa cinyoyin a matsayin karamci. Ranar Laraba kuma, da azahar, a dafa masa mai taushin, a turo ƙofa. Gaskiyar da ake cewa tana sauƙaƙa rayuwa, ita tukunya ta ƙara mata.

Bayan sati biyu Farfesa ya kira ta ofis. Ya baza takardu goma a tebur, ya ware ɗaya gefe.

"Surukin nan naki abin mamaki ne," ya ce. "Na gwada abin da ya faɗa da abin da inji ya auna, ba su saɓa ko a wuri ɗaya ba. Na ba matata labari, na ba abokaina. Sai dai dole mu cire shi."

"Mu cire shi, ranka ya daɗe?"

"Duba nan. Mutum tara sun ba faranti huɗun maki kusan iri ɗaya, huɗu ko biyar. Shi kaɗai ne ya ba wannan biyu, ya ba wancan biyar, ya ba wancan ɗaya. Ya yi nisa da jama'a. A ƙa'idar lissafi, wanda ya fita daban haka ana ajiye shi gefe, don kada ya karkatar da sakamako."

"Amma shi kaɗai ne ya ɗanɗana. Sauran ci suka yi."

"Na sani, ai ina wurin. Amma masu duba binciken ba sa wurin, lamba za su gani. In kina so ki tsaya kare shi, sai a sake gwajin da mutum talatin, a jira baɗi."

Malama ta dubi takardar Baba, da rubutun Farfesa a kanta, "an sha gudu da shi kafin a kama shi". Ta tuna kwamitin ƙarin girma wata mai zuwa zai zauna. Ta ɗauki biro ta sa hannu.

Binciken ya fito a mujallar kwaleji, shafi goma sha ɗaya. A ƙarshensa an rubuta cewa ko da yake inji ya nuna bambanci a tauri da kitse, masu ɗanɗanawa ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin kajin huɗu. Aka yaba da aikin, aka ƙara wa Malama girma, aka ba ta ofis mai taga.

Wata Laraba, Baba yana cin abincinsa a ɗaki ƙofa a ture, ta shigo da ruwa. Ya ce, "'Yata, littafin nan naku ya fito? An sa maganata?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, don hanya ce da ta saba. Ta dube shi, ta haɗiye ta.

"An cire, Baba. An ce kun saɓa wa sauran."

"Su sauran me suka ce?"

"Sun ce duk ɗaya ne."

"Su nawa?"

"Tara."

"Kuma tasu aka buga."

"Tasu aka buga."

Baba ya tsotse ɗan ƙashin da ke hannunsa, ya ajiye a gefen faranti, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "To, ba laifi. Ashe makarantar ma yawa take bi." Ya ɗan yi tunani. "Baɗi binciken me za ki yi?"

"Farfesa yana maganar awaki."

"Ki sa sunana da wuri, kafin malamin lissafin nan ya riga ni. In sun ga dama su sake cire ni, naman dai na ci. Amma ki ce musu a niƙa mini nawa."